Nonon uwa ko madarar gwangwani mai HMO: me ke cikin haruffa ukun nan?

Duk mai jegon da ta ɗauki gwangwanin madarar jarirai ta jujjuya shi a 'yan shekarun nan, da wuya ba ta ci karo da haruffa uku ba: HMO. Wani gwangwanin 2'-FL zai rubuta, wato ɗaya daga cikin nau'o'in sukarin da ake kira HMO, wani ya ce nasa nau'i biyar ne. A ƙarƙashi sai a biyo da kalamai masu sanyaya zuciya, wai sinadarin irin na cikin nonon uwa ne. Ba ƙarya suka yi ba, irinsa ne. Amma gutsure ne aka gutsuro, kuma kafin iyaye su yanke shawara a kansa, ya kamata su san girman abin da aka gutsuro shi daga jikinsa.

Abin da ke gaban yawancin iyaye bai wuce huɗu ba: nonon uwa zalla, madarar gwangwani ta yau da kullum, madarar da aka ƙara wa HMO, ko kuma haɗa nono da madara. Bakwaini yana da nasa lissafin daban, za mu zo kansa.

HMO taƙaitaccen suna ne na wasu sukari masu sarƙaƙƙiya da masana ke kira oligosakarid na nonon ɗan Adam. A cikin lita ɗaya ta nonon da ya kankama akwai kusan giram 70 na laktos, wato sukarin madara da jariri ke narkarwa ya samu ƙarfi, sai maiƙo wajen giram 40. Na uku a yawa su ne waɗannan sukari, daga giram 5 zuwa 15, kusan kai ɗaya da furotin, wani lokacin ma su ɗara shi. A dakashi, ruwan nonon nan na kwanakin farko, suna kaiwa giram 20 zuwa 25. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, cikin jariri ba shi da sinadaran da za su narkar da su. Suna shiga ta baki, su ratsa tumbi da ƙaramin hanji kusan yadda suka shigo. Ga jikin uwa yana kashe ƙarfinsa wajen haɗa abu mai yawa haka, ga jariri ba ya cinsa. Ruwa ba ya tsami banza. To, wa ake dafa wa?

Amsar ta fara leƙowa tun 1899, lokacin da wani likitan yara a Faris, Henry Tissier, ya duba kashin jarirai masu shan nono ya tarar wata ƙwayar bakteriya mai kai biyu kamar gwafa ta mamaye shi, alhali a kashin masu shan madarar shanu ba ta da yawa. Ita ce yau ake kira Bifidobakteriya. Sai a shekarun 1950 likita Paul György da masanin sinadarai Richard Kuhn, wanda ya ci kyautar Nobel a 1938, suka nuna cewa abin da ke raya wannan ƙwaya a nonon mace waɗannan sukari ne. Uwa tana ciyar da baki biyu ke nan a lokaci guda: jaririnta, da baƙin da ke shirin zama a hanjinsa.

Babbar baƙuwa a cikinsu ita ce wadda ake kira Bifidobacterium infantis. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka karanta ƙwayoyin gadonta, suka tarar da wani dogon sashe da ba shi da aikin da ya wuce haɗiye sukarin nonon mace da farfasa shi. Idan ta ci ta ƙoshi sai ta hayayyafa ta cika wuri, ta fitar da sinadarai masu tsami, asetet da laktet. Tsamin nan yana takura wa miyagun ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka wa bangon hanji ya yi ƙwari. Warin tsami-tsamin da ke kashin jaririn da ke shan nono zalla, wanda ya bambanta da na mai shan madara, daga nan ya samo asali.

Aiki na biyu ya fi wannan dabara. Ƙwayar cuta ba ta iya kama mutum sai ta samu abin da za ta maƙale a bangon hanji, kuma abin da take kamawa wasu ƙwayoyin sukari ne da ke jikin bangon. Da yawa daga cikin HMO sun yi kama da waɗannan sukarin na bango. Sai ƙwayar cutar ta damƙi na bogin da ke yawo a cikin nono, ta ɗauka ta kama hanji, kashi ya yi waje da ita. An nuna haka a fili a kan Campylobacter, wata ƙwaya mai haddasa gudawa. A wani bincike da aka wallafa a 2004 kan iyaye mata 93 da jariransu a birnin Meziko, jariran da nonon iyayensu ya fi yawan 2'-FL sun fi tsira daga gudawar da wannan ƙwaya ke kawowa. Akwai kuma ɗan abin da ke tsallakawa cikin jini, kamar kashi 1 cikin 100, har a same shi a fitsarin jariri, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana taɓa yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke mayar da martani.

Yanzu ga inda kwatancen ya fara. An gano fiye da nau'i 150 na waɗannan sukari a nonon mata, wasu masana na ƙirga sama da 200. Dukkansu daga tubala biyar kacal aka gina su, amma yadda ake jera tubalan da yi musu rassa ne ya sa kowanne da siffarsa, kuma siffar ce aikin. Wanda zai yaudari wata ƙwayar cuta ba lallai ya yaudari wata ba. Nonon saniya, wanda shi ne tushen yawancin madarar gwangwani, yana da irin waɗannan sukari 'yan kaɗan ƙwarai, ƙasa da na mace sau ɗari ko fiye, kuma mai ɗauke da sukarin fukos (ɗaya daga cikin tubalan nan) irin 2'-FL kusan babu shi. Don haka madarar gwangwani ta yau da kullum za ta ba jariri ƙarfi, furotin, maiƙo, bitamin da sinadarin ƙarfe daidai gwargwado, zai girma lafiya, amma a wannan fanni hannunta wayam yake.

Kamfanoni sun daɗe da sanin wannan giɓi. Yunƙurinsu na farko, tun farkon shekarun 2000, shi ne zuba wasu sukari biyu da ake kira GOS da FOS. Ana haɗa na farkon daga laktos, na biyun daga tsirrai. Suna tausasa kashi, suna kuma ƙara yawan Bifidobakteriya, amma siffarsu ba ta HMO ba ce, ba su da fukos, ba su da sinadarin siyalik, wanda shi ma tubalin HMO ne. Yana da kyau a lura da wannan a jikin gwangwani, domin ganin kalmar oligosakarid kaɗai ba ya nufin an sa irin na nonon mace.

HMO na ainihi sun shiga gwangwani ne a 2016, lokacin da kamfanin Abbott ya fitar da madara mai 2'-FL a Amurka, kuma a shekarar ce Tarayyar Turai ta amince da 2'-FL da wani mai suna LNnT. Ba daga nonon mata ake tatso su ba. Ƙwayoyin bakteriya ake sauya wa tsarin gado, a zuba su a manyan tankuna su riƙa sarrafa laktos, daga baya a tace sukarin a raba shi da ƙwayoyin. Abin da ake samu siffarsa ɗaya sak da na nono, wannan ba abin tsoro ba ne. A yau akwai madarar da ke ɗauke da guda biyar: 2'-FL, 3-FL, LNT, 3'-SL da 6'-SL.

Mai kare madarar zai ce biyar ɗin nan suna cikin mafi yawa a nono, don haka rabonsu a nauyi ya fi yadda biyar cikin 200 ke nunawa. Ya yi gaskiya. Amma sai a duba ma'auni. Uwar da nononta ke da 2'-FL yawanci tana ba da giram 2 zuwa 3 a lita, na wannan nau'in kaɗai. Wasu madarorin farko giram 0.2 suka sa. Wasu giram 1. Haɗin guda biyar da aka gwada a kan jarirai ya kai giram 5.75 a lita, wanda ya shiga sahun na nono, amma ba kowane gwangwani mai rubutun HMO ke kaiwa nan ba, kuma manyan haruffan da ke gaba ba sa faɗin adadi. Sai an juya baya, an karanta ƙananan.

To me gwaji ya nuna? Abu ɗaya ya tabbata: jariran da suka sha madara mai HMO sun girma daidai da sauran, ba a ga wata illa ba. Bayan wannan, hujja tana sirancewa. Binciken da aka fi ambato shi ne na 2017, kan jarirai 175 a Italiya da Beljiyam, inda aka ba rabi madara mai 2'-FL da LNnT. Iyayen wannan rukuni sun ba da rahoton ƙarancin ciwon ƙirji da ƙarancin shan antibayotik har zuwa shekara guda. Labari mai daɗi. Sai dai an tsara binciken ne don auna ƙaruwar nauyi, sauran abubuwan a gefe aka tsinto su, daga bakin iyaye aka ji, kuma kamfanin Nestlé ne ya ɗauki nauyin aikin. Wani bincike na Abbott a 2016 ya nuna alamomin kumburi a jinin masu shan 2'-FL sun matso kusa da na masu shan nono. Wasu sun nuna ƙwayoyin hanjinsu sun ɗan karkata zuwa na masu shan nono. Duk waɗannan alamu ne masu kyau, amma alama a jini ko a kashi daban, yaro ya rage kwanciya asibiti daban. Ni dai a karatuna, abin da za a iya faɗa ba tare da ƙarin gishiri ba shi ne: madara mai HMO ba ta cutarwa, mai yiwuwa tana da ɗan ƙarin amfani, kuma kusan duk masu cewa haka da kuɗin masu sayar da ita suka yi binciken. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa nazari kan ikirarin lafiya da ke jikin madarar jarirai a ƙasashe 15, ta tarar yawancinsu ba su da wata hujjar kimiyya a bayansu, waɗanda ke da ita ma galibi mai rauni ce.

A ɗora wannan a gefen hujjar shayarwa. Nazarin da mujallar Lancet ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya, da an tsirar da yara 823,000 'yan ƙasa da shekara 5 duk shekara, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za a kauce wa kusan rabin gudawar yara da sulusin cututtukan numfashi. Ba HMO kaɗai ke wannan aiki ba, kuma nan ne ainihin bambancin. A nono, sukarin suna tafe ne tare da garkuwar da ake kira IgA, wadda jikin uwa ke haɗawa daidai da cututtukan da ita da jaririn ke cin karo da su a muhallinsu, da laktoferin mai ƙwace ƙarfe daga bakin ƙwayoyin cuta, da ƙwayoyin halitta masu rai. Haɗin kuma ba tsayayye ba ne: 2'-FL yana raguwa da watanni, 3-FL yana ƙaruwa. Gwangwani kuwa yadda aka rufe shi a masana'anta haka zai kasance.

Akwai wani abu da tallan 2'-FL ba ya so a tsaya a kai. Kusan mace 1 cikin 5 nononta ba shi da 2'-FL, ko yana da ɗan mitsitsi, saboda wata ƙwayar gado mai suna FUT2 ba ta aiki a jikinta. Adadin yana hawa da sauka tsakanin al'ummomi. Shin irin wannan uwa sai ta koma gwangwani don ɗanta ya samu abin da ba ta da shi? Ko kusa. Nononta yana cike da sauran nau'o'in, wasunsu ma sun fi yawa a wurinta, ga kuma duk sauran garkuwar. Babu wata hukumar lafiya da ta ce a auna mata wannan kafin shayarwa.

Kuma abinci sai da mai ci. Bincike ya nuna B. infantis tana da yawa a hanjin jarirai a ƙasashe irin su Bangaladash da Gambiya, amma ta yi ƙaranci a jariran Amurka da Turai da dama. Antibayotik a farkon rayuwa da haihuwa ta tiyata suna cikin abubuwan da ke jirkita ƙwayoyin hanjin jariri. Idan masu cin sukarin ba sa nan, amfaninsa yana raguwa, a nono ne ko a gwangwani. Wannan ya sa wasu ke haɗawa da ƙwayoyin hanji da ake sayarwa, amma ga bakwaini kada a kuskura a yi gaban kai: a 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini ya rasu sanadin irin wannan ƙwaya da ta shiga jininsa.

Tun da an zo kan bakwaini, a nan tazarar ta fi ko'ina faɗi. Akwai wata muguwar cuta da ke sa hanjin bakwaini ya kumbura ya fara ruɓewa, likitoci na kiranta NEC. Tun 1990 wani bincike a Ingila kan bakwaini 926 ya nuna ta fi kama masu shan madara zalla sau 6 zuwa 10 a kan masu shan nono zalla. A 2012 ɗakin binciken masani Lars Bode a birnin San Diyego na Amurka ya gano cewa wani HMO guda mai suna DSLNT yana kare jariran ɓera daga cutar, daga baya kuma aka ga bakwainin da suka kamu galibi nonon da suka sha yana da ƙarancinsa. DSLNT ba ya cikin biyar ɗin da ke gwangwani. Don haka ga bakwaini jerin a bayyane yake: nonon uwarsa, ko da tatsa za a yi a ba shi ta bututu, idan bai isa ba, nonon da wasu mata suka bayar aka tantance aka dafa a ma'ajiyar nono ta asibiti, inda akwai. Ana dafa shi a zafin digiri 62.5 na minti 30, abin da ke kashe ƙwayoyin halitta masu rai ya rage wasu garkuwar, amma HMO suna fita lafiya ƙalau. Madarar gwangwani, mai HMO ko marar shi, ita ce ta ƙarshe a layi, kuma likita ne zai zaɓa.

Batun ƙwaƙwalwa ba zan daɗe a kai ba, domin tallan ya fi hujjar tsawo. Gaskiya ne ƙwaƙwalwa tana da sinadarin siyalik da yawa, kuma 3'-SL da 6'-SL suna ɗauke da shi. Gwaji a kan ɓeraye da 'ya'yan alade ya nuna ingantuwar koyo. Gaskiya ne kuma wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Belarus kan iyaye da jarirai sama da 17,000 ya nuna yaran da aka fi shayarwa sun fi maki a gwajin basira suna shekara 6 da rabi, duk da cewa tazarar ta ragu sosai da suka kai 16. Amma wancan gwajin nono gaba ɗaya ya auna. Kada a sayi gwangwani da zaton ana sayo wa yaro kaifin basira.

To, ke da kike tsaye kina jujjuya gwangwanin, ya za ki yi?

Idan nono na zuwa, jariri na ƙara nauyi yana fitsari yadda ya kamata, babu abin da ke cikin gwangwanin da ya kai abin da kike bayarwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa, nono zalla wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Awa gudan nan da kwanakin da ke biye su ne lokacin dakashi, lokacin da sukarin suka fi kauri kuma hanji yake fili yana jiran wanda zai riga zama.

Idan nonon bai wadatar ba, ko aiki ya raba ki da jariri na wasu awanni, kada ki ɗauka zaɓin duka ne ko babu. Da babu gara ba daɗi. Uwar da ke ba da rabin lita a rana tana zuba wa ɗanta giram da dama na HMO iri-iri, fiye da abin da gwangwanaye da yawa za su ba shi a cikakkiyar lita. Abin lura kawai shi ne nono yana bin buƙata: duk shan da aka maye da madara ba tare da an tatsa ba, jiki zai rage abin da yake samarwa. Kafin a yanke cewa nono ya gaza, a nemi ma'aikaciyar lafiya ta kalli yadda jaririn ke kama mama, domin sau da yawa matsalar a nan take.

Idan kuwa shayarwa ba za ta yiwu ba sam, saboda rashin lafiyar uwa, wasu magunguna irin na sankara, ko rasuwa, madarar gwangwani ta matakin farko abinci ce cikakkiya, babu abin jin kunya ko zargin kai. Jaririn da aka haifa da cutar galaktosimiya ma, wanda laktos ke yi wa illa, nonon da madarar yau da kullum duka ba nasa ba ne, sai ta musamman. Tsakanin madara ta yau da kullum da mai HMO, idan bambancin kuɗin ba zai girgiza gida ba, ɗaukar mai HMO ba laifi ba ne, kuma a fifita wadda ta faɗi adadi da nau'o'in da ta ƙunsa. Amma idan tsadarta za ta kai ga a riƙa rage cokali ana ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, to an yi asara babba don riba ƙarama. Madarar da aka tsinka tana hana yaro girma, tana iya rikita gishirin jininsa har ya yi jijjiga. Gara ta yau da kullum da aka auna daidai kowane lokaci.

Haɗawar ma ta fi haruffan muhimmanci. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta ko da sabon buɗewa ne. Yana iya ɗauke da wata ƙwaya mai suna Cronobacter, wadda ba ta cika faruwa ba amma tana kisa a jarirai sabbin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwa, a zuba garin kafin zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 70, wato kada ya wuce minti 30 da saukewa, sannan a sanyaya kwalbar a gwada a cikin wuyan hannu kafin a ba jariri. Abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. Idan kuma an sauya daga wata madara zuwa mai HMO aka ga kashi ya ɗan yi laushi ko ya ƙaru, wannan sananne ne. Amma zawo mai ruwa-ruwa, jini a kashi, amai mai yawa ko kumburin ciki, waɗannan na asibiti ne a ranar.